TUDU DA KWARI: YADDA ƘASA TA ZAUNAR DA MU A BADUN

 Ina so in ɗan yi tsokaci a kan wani abu da kullum muke takawa amma ba kasafai muke tsayawa mu dube shi ba, wato ita kanta ƙasar da muke zaune a kai. Ni dai ɗan kasuwa ne, karatuna na Islamiyya ne, sai abin da na tsinta a bakin dattawa da littattafan tarihi da kuma yawan bin hanya da kayan goro.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne tambayar da wani ɗana ya yi mini kwanaki. Ya ce, "Baba, me ya sa in mutum zai zo nan daga gida sai a ce ya gangara Kurmi, in zai koma kuma a ce ya hau Arewa?" Na ce masa ai maganar iyayenmu ce, kuma ba su faɗe ta a banza ba, ƙafarsu ce ta auna musu.

Masana suna auna tsawon ƙasa ne daga bakin teku. A wannan ma'auni birnin Kano yana kan tudu mai kimanin mita 480, Zariya kuwa ta haura mita 600. Jos ta fi su duka, domin ta wuce mita 1,200, shi ya sa sanyinta ya yi suna. Mafi tsawon dutse a Nijeriya, Chappal Waddi, yana can Jihar Taraba a kan iyakar Kamaru, mita 2,419. To daga Kaduna in ka miƙo kudu sai ƙasa ta yi ta sauka har ka iso bakin kogin Kwara a Jebba, inda tsawon bai fi mita ɗari da 'yan kai ba. Kana ƙetare gada kuma sai hawa, Ilori tana wajen mita 300. Daga nan ka bi tuddan ƙasar Yarbawa ka faɗo Badun, wadda kwarinta yake wajen mita 150, tudunta kuma ya kai mita 275. Daga Badun sai gangara har Ikko, inda ƙasa da teku suka kusa yin daidai. Ashe ke nan mai zuwa daga Kano gangara biyu yake yi da hawa ɗaya a tsakani. Duk direban babbar mota da ya taɓa tasowa daga Jebba da kaya niƙi-niƙi ya san wannan hawan a jikin injinsa.

Ruwa ma wannan tsari yake bi. Kogin Kano da Challawa gabas suke nufa, su bi ta Haɗeja su doshi tafkin Chadi. Kogin Kaduna kudu yake yi ya faɗa Kwara. A ƙasar Yarbawa kuma akwai wani doron ƙasa da ya raba ruwa biyu: kogin Asa na Ilori arewa yake komawa ya shiga Kwara, su kuwa Ogun da Osun kudu suke gangarawa zuwa ruwan Ikko.

Yanzu bari mu zo kan Badun. Yarbawa sun ce asalin sunan shi ne Eba Odan, wato bakin fili, wurin da kurmi ya ƙare saura ta fara. Tarihinsu na baka ya danganta kafa garin farko ga wani jarumi mai suna Lagelu daga Ife. Amma Badun ɗin da muka sani ta kafu ne wajen 1829, a matsayin sansanin yaƙi na mayaƙan Oyo da Ife da Ijebu, a zamanin da daular Oyo take rugujewa. Me ya sa suka zaɓi nan? Saboda tuddai. Wanda yake kan tudun Mapo ko Oke Are yana hango abokin gaba tun daga nesa, in abu ya ɓaci kuma ga kurmi a bayansa. Kalmar Oke da muke ji a sunayen unguwanni, tudu take nufi: Oke Ado, Oke Bola, Oke Padre, Oke Sapati, ga kuma tudun Mokola da muke maƙwabtaka da shi. Shi ya sa ake kiran garin mai tuddai bakwai, ko da yake in ka tsaya ƙirga za ka samu sun fi haka. Egbawa ma da suka tashi daga wannan yanki, dutsen Olumo suka fake a gindinsa wajen 1830, suka kafa Abeokuta, ma'anar sunan ke nan, ƙarƙashin dutse.

Ƙarfin tsohuwar Oyo da na Ilori duk a kan doki yake. Doki kuwa fili yake so, ba ya son kurmi, domin a kurmi akwai ƙudan tsando mai sa wa dabba sammore. Bayan an watse daga tsohon birnin Oyo wajen 1835, mahayan Ilori suka yi ta matsowa kudu, har suka yi wa Osogbo zobe. Wajen 1840 mayaƙan Badun suka kai wa garin ɗauki, suka auka wa sansanin Ilori da dare, lokacin da doki ba shi da amfani, suka kore su. Daga wannan yaƙi ne Badun ta zama babbar mai ƙarfi a ƙasar Yarbawa. Haka kuma yaƙin Kiriji, wanda aka fara a 1877 ba a rufe shi ba sai 1893, ya daɗe ne domin Ekiti da Ijesa sun kafe a cikin duwatsun Imesi-Ile, inda yawan runduna ba ya wa mutum rana. A 1893 ɗin ne Badun ta sa hannu a yarjejeniya da Turawan Ingila, aka aje mata Kyaftin Bower a matsayin Razdan na farko. Su ma Turawan tudu suka bi. A kan Mapo aka gina babban zauren nan a 1929, a kan Oke Are kuma aka kafa hasumiyar tunawa da Bower a 1936, wadda Yarbawa suke kira Layipo saboda matakalarta mai murɗewa. Wanda bai taɓa hawa ba ya daure ya kai yaransa, daga can ana ganin garin kamar a faifai.

To mu ina muka shigo cikin wannan labari? Kakanninmu fatake da farko ba nan suke zuwa neman goro ba. Gwanja suke zuwa, a arewacin ƙasar Gana ta yau, kasuwar Salaga. Madugu ya ja ayarin jakuna daga Kano ko Sakkwato, a ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, a ratsa Bargu, tafiyar watanni. Hanyar duk ta cikin fili take bi, tana kauce wa kurmi, saboda jaki ma bai tsira daga tsando ba. Da Turawa suka ci Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai hanyar ta raunana. 'Yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka koma ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Ana cikin haka manoman Agege suka fara dasa irin goron Gwanja, ya bazu zuwa ƙasar Egba da Ijebu da Shagamu. Har gobe Yarbawa gbanja suke kiransa, sunan Gwanja ne a bakinsu. Itacen ya karɓi ƙasar domin kusa da teku take, ga ruwan sama mai yawa ga inuwa, abin da tudun Hausa ba shi da shi.

Sai kuma jirgin ƙasa. Dogo ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Jebba a 1909, ya isa Kano a 1911. Babbar matsalarsa ita ce wannan kwari na Kwara. Shekaru ana ɗora taragu a kan jirgin fito ana ƙetarar da su, sai wajen 1916 aka kammala gada. A shekarar 1916 ɗin ce kuma aka yanka wa Hausawa wannan wuri namu na Sabo. Kafin nan a cikin gari suke zaune, a gidajen Yarbawa masu masauki. Aka fito da su bayan gari, a gindin tudun Mokola. Yau gari ya cinye mu ta ko'ina, ga filin wasa na Adamasingba a gefenmu inda da can filin sukuwa ne, amma a wancan lokaci daji ne dattawa suka sare.

Akwai wani abu da nake so matasa su lura da shi. Shanun Arewa in sun shigo bakin kurmi kwanakinsu ƙidayayyu ne, in ba a sayar ba sammore ya kama su, su rame, kuɗinsu ya faɗi. Mai shanu ba shi da damar ya zauna jiran mahauci mai kuɗi a hannu, dole ya bayar bashi ga mutumin da bai sani ba, wanda ko yarensa ba ya ji. Wa zai tsaya masa? Sai maigida, wanda zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma lamunce kuɗin. Goro shi ma haka. Ɗanyen kaya ne, in ya bar laimar Kudu ya hau busasshiyar iskar Arewa sai ya yanƙwane, in an yi sakaci kuma sankara ta shige shi. Dole a sami amintacce a nan da zai saya, a zaɓe, a jera shi cikin ganyen fita a ɗaure huhu, a loda a kan lokaci. Kun ga ashe bambancin ƙasa da ƙasa shi ya haifar da gidajen masauki da dillanci da riƙon amanar da aka san Sabo da su. Badun ta dace da wannan aiki domin a bakin iyaka take, nan kayan fili da kayan kurmi suke gamuwa.

Amma garin tudu garin kwari ne, duk ruwan da ya sauka a kan tuddan nan sai ya nemi ƙasa. Rafin Ogunpa shi ne yake ratsa tsakiyar gari yana kwashe shi, ya bi ta Oke Ado da Molete, ga Kudeti da Ona su ma suna nasu. Ogunpa ya yi ambaliya a 1960 da 1963 da 1978. Mafi muni ita ce ta ranar Lahadi 31 ga Agusta 1980, wadda Yarbawa suke kira Omiyale, wato ruwa ya shigo gida. Ina yaro ɗan shekara goma lokacin, amma ban manta ba yadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya dawo da safe jikinsa duk laka, ya kasa cin abinci saboda abin da ya gano a bakin rafin. Rayuka da yawa sun salwanta, gidaje da rumfuna suka tafi.

Na ji wannan da kunnena, na gani da idona, amma bai hana ni yin kuskure ba. Da na kama kasuwanci na kaina, sai na karɓi hayar wani sito a gangare kusa da rafi, domin kuɗinsa rabin na kan tudu ne. Wani dattijo abokin mahaifina ya ce mini, "Ɗana, ruwa ba ya manta hanyarsa." Na ce, "Baba, ai an gyara magudanar." Ya yi shiru. Ranar Juma'a 26 ga Agusta 2011, ana cikin goman ƙarshe na azumi, aka tsuge da ruwa tun yamma har cikin dare. Madatsar Eleyele ta tumbatsa, gadar Apete ta karye, mutum fiye da ɗari suka rasu a garin. Ni Allah ya tsare mini rai da iyali, amma kayan da ke sito, nawa da na mutum uku da suka ba ni amana daga Arewa, ko ƙwarya ɗaya ba a fitar mai kyau ba. Shekara huɗu na yi ina biyan bashin. Arahar da na bi ita ta zame mini tsada.

Dalilin da ya sa na tono wannan shi ne abin da nake gani yanzu. Sabo ta cika, haya ta yi tsada, 'ya'yanmu suna fita neman fili a bayan gari, wajen Moniya da Akinyele da sauran wurare, musamman tun da aka buɗe sabon layin dogo na Ikko zuwa Badun a 2021. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai da yawa da rani suke zuwa duba fili, su ga wuri shimfiɗe mai sauƙin kuɗi, su biya. A garin nan shimfiɗaɗɗen wuri mai araha abin tuhuma ne. Ina ba da shawara kada kowa ya biya kuɗin fili sai ya gan shi da damina, ya tambayi tsofaffin wurin inda ruwa yake kaiwa, ya duba bangon maƙwabta ko akwai shatar ruwa. Ina kuma roƙon ƙungiya ta naɗa dattawa biyu ko uku waɗanda suka san gari, su riƙa raka duk ɗan'uwan da zai sayi fili ko ya kama sito. A cikin unguwa kuma mu daina zuba shara a kwata. Mu a gangaren tudu muke, abin da muka zuba yana sauka ne a kan na ƙasa da mu, Bahaushe ne ko Bayarabe, kuma irin wannan ƙaramin abu shi yake ɓata zaman maƙwabtaka na shekara ɗari.

Waɗanda suka kafa garin nan sun dubi ƙasa kafin su kafa bukka, kakanninmu fatake ma sun san kowane hawa da gangara tsakanin Kano da teku kafin su ɗaura wa jaki kaya. Ya kamata mu koya wa yaranmu wannan sani kamar yadda muke koya musu ƙirgan kuɗi. Wanda yake da ƙarin bayani daga cikin dattawa, musamman a kan yadda aka sare Sabo da waɗanda suka fara gini, ya taimaka ya aiko wa mujalla domin a adana.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya tsare mu daga sharrin ruwa da wuta, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wassalam.