Yadda Aka Hana Jarirai Gyaɗa, Aka Dawo Aka Ce A Ba Su

Mu da muka tashi da kunun gyaɗa za mu yi mamakin jin cewa an taɓa hana jarirai ɗanɗana ta a Turai da Amurka.

Dalili kuwa shi ne borin jini. Akwai yaran da garkuwar jikinsu ke ɗaukar gyaɗa a matsayin abokiyar gaba: da sun ci sai fata ta yi rudu-rudu, leɓe ya kumbura, wani lokaci numfashi ya sarƙe har a rasa rai. A 1998 hukumomin lafiya na Birtaniya suka shawarci iyalan da ke da gadon wannan lalura su nisanta ƙananan yara da gyaɗa. A 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a jira sai yaro ya kai shekara uku. Iyaye suka bi, amma cutar ba ta ja da baya ba.

Sai Farfesa Gideon Lack na Landan da abokan aikinsa suka kwatanta yaran Yahudawa na Birtaniya da na Isra'ila. Sakamakon da suka fitar a 2008 ya nuna cutar ta ninka kusan sau goma a Birtaniya. A Isra'ila kuwa tun suna jarirai ake ba su Bamba, wani abin ƙwalama na gyaɗa mai narkewa a baki.

Domin a tabbatar, suka ɗauki jarirai 640 masu haɗarin kamuwa, 'yan wata 4 zuwa 11, suka raba su gida biyu. A 2015 aka ga sakamako: a shekara biyar, kusan kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka hana sun kamu, waɗanda aka bai wa kuwa kashi 3 kacal. Ashe garin neman gira aka rasa ido. A 2017 Amurka ta sauya shawararta.

Me ya sa haka? A hanji garkuwar jariri ke koyon bambanta abinci da cuta, kuma ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a can suna cikin malamanta. A 2019 masana a Jami'ar Chicago suka dasa wa ɓeraye bakteriyar hanjin jarirai masu lafiya, sai ta kare su daga borin madarar shanu. Ta jarirai masu lalurar kuwa ba ta kare su ba.

Sai dai a kula: ba a ba jariri ƙwayar gyaɗa, don tana shaƙewa. Wanda kuma ke da ciwon fata mai tsananin ƙaiƙayi, ko ƙwai ya taɓa tayar masa da bori, a fara kai shi wurin likita.

Shawarar farko an gina ta ne a kan tsoro da kyakkyawar niyya, ba a kan gwaji ba, kuma yara ne suka ɗanɗana kuɗarta. Sai mun haɗu mako mai zuwa.