Finafinan Zamanantar da Jiragen Ƙasa na Birtaniya

British Transport Films sashe ne na shirya finafinan gaskiya, wato waɗanda ake ɗauka daga ainihin rayuwa ba daga ƙagaggen labari ba, wanda hukumar sufurin Birtaniya ta kafa a shekarar 1949, shekara guda bayan gwamnati ta karɓe hanyoyin jiragen ƙasa daga hannun kamfanoni masu zaman kansu. Edgar Anstey ne ya jagoranci sashen har zuwa 1974.

Muhimmancinsa ya fito fili bayan shirin zamanantarwa na 1955, wanda ya ƙuduri maye gurbin jiragen da ke cin gawayi da masu amfani da dizal da lantarki, aikin da ya kawo ƙarshen jiragen gawayi a manyan layuka a 1968. Sashen ya bi wannan sauyi daki-daki, yana nuna leburori suna shimfiɗa sabon dogo, ana kafa turakun wayoyin lantarki a gefen hanya, direbobin da suka saba da toka da hayaƙi kuma suna koyon tuƙi a ɗaki mai tsabta. Fim ɗin Blue Pullman na 1960 ya nuna sabon jirgin dizal na alfarma, Terminus na John Schlesinger kuwa, a 1961, ya bi rayuwar yini guda a tashar Waterloo ta Landan.

Ko da yake hukuma ce ta biya kuɗin finafinan, saboda haka ba su cika tsayawa a kan layukan da aka rufe ba, sun adana fuskokin ma'aikata da dabarun aikinsu da kulawar da rahoton ofis ba ya iya yi.