Finafinan Haƙiƙa da Suka Cancanci Kallon Bahaushe: Nazari da Shawara

Gabatarwa

Idan aka ambaci fim a ƙasar Hausa, hankalin yawancin mutane kan tafi Kannywood ne ko finafinan Indiya. Fim ɗin haƙiƙa, wato dokumentari, wanda ke ɗaukar mutane a cikin rayuwarsu ba tare da 'yan wasa ba, bai samu irin wannan karɓuwa ba. Wannan maƙala tana ba da shawarar wasu finafinai na wannan rukuni. Ma'aunin zaɓen shi ne dangantakar mai kyamara da waɗanda yake ɗauka. Hujjar maƙalar ita ce, fim ɗin haƙiƙa yana yin nauyi ne gwargwadon amanar da ke tsakanin ɓangarorin biyu, kuma a wannan fage 'yan fim na Jamhuriyar Nijar sun yi aikin da ya kamata kowane mai jin Hausa ya sani.

Daga Majigi Zuwa Jean Rouch

Farkon haɗuwar talakan Arewa da irin wannan fim ta hanyar majigi ce. A 1939 Turawan Ingila suka kafa sashen finafinan mulkin mallaka a ƙarƙashin William Sellers, wanda ya yi aikin kiwon lafiya a Nijeriya. Motocin majigi suna zagaya garuruwa suna koyar da tsabta da noma da biyayya ga hukuma. A waɗannan finafinai hukuma ce ke magana, talaka kuwa sauraro ne nasa.

A ɓangaren Faransa labarin ya ɗan bambanta saboda Jean Rouch, wanda ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniya, ya kuma rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. Biyu daga finafinansa sun cancanci kallo, kuma gara a kalle su a jere. Na farko shi ne Les Maîtres fous na 1955, wanda ya ɗauka a Akra a tsakanin 'yan ci-rani daga Nijar masu bin iskokin Hauka, waɗanda ke kwaikwayon gwamna da hafsoshin Turawa idan sun hau. Hukumar Ingila ta hana nuna shi, 'yan bokon Afirka da dama kuma suka ƙi shi, domin muryar Rouch ce kaɗai ke fassara abin da ido ke gani. Ousmane Sembène na Senegal ya taɓa zarginsa da kallon 'yan Afirka kamar ƙwari.

Na biyu shi ne Jaguar, wanda aka kammala a 1967. Ya bi samari uku daga bakin kogin Kwara zuwa Kumasi da Akra neman kuɗi. A nan Damouré Zika, ɗaya daga cikin samarin, da abokansa ne suka ɗora muryoyinsu a kan hotunan, suna raha, suna musu. Wanda ya kalli finafinan biyu zai ga da idonsa bambancin da ke tsakanin a yi magana a kan mutum da a bar shi ya yi maganarsa.

Masu Ɗaukar Gidajensu

Sai kuma 'yan fim ɗin Nijar da ke ɗaukar mutanensu da kansu. Sani Elhadj Magori ɗan Galmi ne a jihar Tawa, garin da albasarsa ta yi suna a kasuwannin Afirka ta Yamma. Ya karanci aikin gona kafin ya shiga fim. A Pour le meilleur et pour l'oignon na 2008 ya nuna yadda auren wata budurwa ya rataya a kan amfanin gonar albasar mahaifinta da farashin kasuwa. Ba a kawo wani masani ya yi bayanin tattalin arziki ba. Mai kallo yana fahimtarsa ne daga fuskar uban da ke lissafin kayan ɗaki da buhunan albasa.

Fim ɗinsa na gaba, Koukan Kourcia, ya fi zurfi. Zabiya Hussey tsohuwar mawaƙiya ce wadda waƙoƙinta suka riƙa zuga samari su fita neman arziki a ƙasashen bakin teku. Mahaifin Magori na cikin waɗanda suka tafi Abijan suka daɗe ba su dawo ba. Sai ɗan ya ɗauki zabiyar har can, domin muryar da ta fitar da mutane ta kira su gida. Manazarcin waƙar baka zai samu a nan abin da rubutu ba ya iya nunawa, wato ƙarfin zuga a zuciyar Bahaushe.

Aïcha Macky 'yar Damagaram ce. L'arbre sans fruit na 2016, wato bishiya marar 'ya'ya, ya taɓo rashin haihuwa, ita kanta kuma tana cikin matan da abin ya shafa. Tana yi wa mahaifiyarta, wadda ta rasu wajen haihuwa, magana a cikin fim ɗin, tana kuma sauraron matan da aka ɗora wa laifi alhali mazajensu sun ƙi zuwa gwaji. Matan sun saki jiki da ita ne domin ciwonsu ɗaya. Fim ɗin ya ci kyautar finafinan Afirka ta AMAA a rukunin dokumentari a 2016. A 2021 ta fitar da Zinder, a kan samarin unguwar Kara-Kara, inda a da ake keɓe kutare. Samarin suna taruwa a majalisun da suke kira fale, wasu suna fasa-ƙwaurin fetur daga iyakar Nijeriya. Wanda ya san matsalar daba a Kano ko sara-suka a Bauchi zai gane cewa rashin aiki da wariya ne tushen abin a ko'ina.

Sai Amina Weira da La colère dans le vent na 2016. Mahaifinta tsohon ma'aikacin haƙar yuraniyam ne a Arlit, inda aka fara fitar da ma'adinin a 1971. Ta bi shi cikin gari tana nuna ƙurar da iska ke kwasowa da ƙarafan ma'adinai da maƙera ke mayarwa kayan amfanin gida.

Daga Nijeriya

A wannan ɓangare finafinan bincike ne suka fi tasiri. Sweet Sweet Codeine na BBC, wanda ya fito a 2018, ya bi sawun maganin tari mai kodin daga masana'anta zuwa hannun matasa, har da na Kano. Nan take gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi. Daughters of Chibok na Joel Kachi Benson, wanda ya ci kyauta a bikin finafinai na Venice a 2019, ya zauna da wata uwa da ke jiran 'yarta tun sace 'yan matan Chibok da aka yi a 2014.

Sukar da Ake Yi

Akwai masu cewa irin waɗannan finafinai tonon asiri ne, ana tallata talaucinmu a bukukuwan Turai, da kuɗin Turai. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, domin mai ba da kuɗi yakan so labarin da ya dace da zatonsa. Amma ɓoye ciwo ba ya warkar da shi. Abin dubawa shi ne ko wanda aka ɗauka ya fito da mutuncinsa, ko an bar shi ya faɗi nasa dalilin. Finafinan Magori da Macky da Weira sun cika wannan sharaɗi, kuma masu su za su koma su haɗa ido da mutanen da suka ɗauka a wajen biki da jana'iza. Babban abin takaicin shi ne an fi kallonsu a Faris fiye da Katsina, alhali a finafinan Magori da Macky Hausa ake yi.

Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa fim ɗin haƙiƙa ya taso daga muryar hukuma zuwa muryar ɗan gida, kuma amana ce ke ba shi daraja. Saboda haka muna kira ga sassan nazarin Hausa da aikin jarida a jami'o'in Bayero da Usmanu Danfodiyo da Abdou Moumouni su sanya waɗannan finafinai a manhajarsu, tashoshin talabijin na Hausa su sayi haƙƙin nuna su, 'yan Kannywood kuma su juya kyamara zuwa ga masaƙa da marina da manoman rani tun masu sana'ar suna raye. Mai karatu da ke neman inda zai fara, ya fara da Koukan Kourcia.