Idon da ke Karanta Zuciya: Daga Leiden Zuwa Ƙasar Kazaure

A farkon ƙarni na 20, wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Einthoven ya ƙera na'urar da ke zana bugun zuciya a birnin Leiden. Nauyinta ya kai kimanin kilo 270, sai mutum biyar sun haɗu kafin ta yi aiki, majinyaci kuwa sai ya tsoma hannuwansa da ƙafa guda cikin ruwan gishiri. Wannan aiki ya jawo masa lambar Nobel a 1924. Shekaru da dama bayan haka, karanta zanen ya kasance aikin likitoci kaɗai.

Sauyi ya zo a farkon shekarun 1960, sa'ad da aka buɗe ɗakunan kula da masu ciwon zuciya a Amurka. An lura cewa idan bugun ya rikice, mintoci kaɗan ne tsakanin rai da mutuwa, likita kuma ba ya kwana a gefen gado. A wani asibiti a Filadelfiya, likita Lawrence Meltzer da ma'aikaciyar jinya Rose Pinneo suka horar da ma'aikatan jinya su gane zane mai haɗari, su ɗauki mataki nan take. Daga nan ilimin ya koma hannun mai tsaron dare.

Wannan darasi ya shafe mu. A shekarun 1970, likitocin Zariya sun bayyana yawan gazawar zuciya ga masu jego, suka danganta ta da wankan jego da kunun kanwa. Irin wannan zuciya takan rikita bugunta ba sallama. Mai jegon da aka ɗauko daga ƙauyukan Roni ko Gwiwa cikin dare, babban asibitin Kazaure za ta fara isa, kamar yadda na Babura yake ga mutanen can. Ƙwararrun likitocin zuciya kuwa suna Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Idon farko da zai dubi takardarta na ma'aikacin jinya ne, kuma shi zai fara tantance ko za ta jure hanya.

Na'urar Einthoven ta ƙanƙance har ana rataya ta a kafaɗa, amma sayenta bai isa ba idan babu mai karanta abin da ta rubuta. Tun ran gini ran zane: a makarantun jinyarmu ya kamata a fara buɗe wannan ido.