Na'urar auna suga da ake mannawa a jiki: matsalolin da aka fi samu da maganinsu

Na'urar nan ɗan faifai ne da bai wuce girman kwabo ba, mai siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata. A takardun Faransanci ana kiransa capteur. FreeStyle Libre na kamfanin Abbott ana manna shi a bayan dantse, yana kwana 14. Dexcom G6 kuwa kwana 10. Ba jini faifan yake aunawa ba. Yana auna ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki ne, kuma sugan wannan ruwa yana bin na jini a baya da kamar minti 5 zuwa 15. Shi ya sa bayan cin abinci ko doguwar tafiya lambar faifai da ta gwajin yatsa sukan saɓa, alhali babu abin da ya lalace.

Duk lokacin da lambar ta saɓa da abin da mutum yake ji a jikinsa, sai ya huda yatsa ya gwada, ya bi sakamakon jinin. Saboda haka kada wanda ya sayi faifai ya rabu da tsohuwar na'urarsa. In kuwa akwai rawar jiki, gumi mai sanyi da jiri, kuma babu na'urar a kusa, a sha gram 15 na sukari, a sake gwadawa bayan minti 15.

Ƙararrawar faɗuwar suga cikin dare ba kullum take gaskiya ba. Kwanciya a kan hannun da faifan yake tana danne wurin, lambar ta faɗi. A juya, a jira ƴan mintoci, a tabbatar da yatsa. Ranar farko ma lambobi sukan yi tangal-tangal.

Abin da ya fi haɗari shi ne lambar da ta hau bisa kuskure, don tana iya sa mutum ya ƙara insulin da ba ya bukata. Bitamin C da ya wuce miligiram 500 a rana yana iya yi wa Libre 2 haka. Hydroxyurea, maganin da ake bai wa wasu masu amosanin jini, wato sikila, yana ɗaga lambar Dexcom G6 da G7, haka ma farasitamol idan ya wuce gram 1 a cikin sa'o'i 6. Mai shan ɗayansu ya faɗa wa likita kafin ya manna.

Mazauna bakin iyaka suna da tasu matsalar ta daban: ma'auni. Dakunan gwaji a Nijar, Kamaru da Chadi sukan rubuta g/L, faifan kuma yana nuna mg/dL ko mmol/L, gwargwadon ƙasar da aka yi shi dominta. 1 g/L daidai yake da 100 mg/dL, ko kusan 5,5 mmol/L. Layin faɗuwar suga shi ne 0,70 g/L, wato 70 mg/dL ko 3,9 mmol/L. Ya kyautu a rubuta waɗannan a takarda a ajiye cikin kwalin. Haka nan faifan Libre da ɗan'uwa ya aiko daga wata ƙasa yakan ƙi aiki da manhaja ko makarancin da aka saya a wata, don haka a bincika tukuna kafin a tura kuɗi.

Sai zafi. Ana ajiye faifan Libre tsakanin digiri 4 da 25, a Yamai, Garwa ko Njamena kuwa bazara takan haura 40. Wanda ya wuni a mota ko shago mai rufin kwano ba abin dogaro ba ne. Firji ya yi, ban da wurin ƙanƙara. Gumi da mai su ke ɓamɓare faifai: a wanke wurin da sabulu, a goge da alkol, a bari ya bushe sarai, kada a shafa man kaɗanya ko basilin. Faifan da ya fita ba a mayar da shi. Wanka ba ya cutar da shi. Idan fata ta yi ja tana ƙaiƙayi ko ruwa, a cire, a nuna wa likita.

Katsewar sigina ita ce mafi sauƙi. Bluetooth na Libre 2 da Dexcom G6 ba ya kai wa fiye da kamar mita 6. A matso da waya, a kashe shi a kunna. Tsohon Libre na ajiye bayanan sa'o'i 8 kaɗai, wanda bai kara makaranci a kansa cikin wannan lokaci ba zai tarar da giɓi a jadawalin da zai kai wa likita.