Agwagwar gidanmu baƙuwa ce

1/ A Rabah kusan kowace unguwa za ka ga agwagwa mai jan fata a fuska tana kiwo bakin kwata. Mun ɗauka tamu ce tun kaka da kakanni. Ashe baƙuwa ce.

2/ Asalinta Kudancin Amurka da Amurka ta Tsakiya. Mutanen can suka fara kiwonta tun kafin Kolumbus ya isa a 1492. Jiragen Turawa, musamman 'yan Fotugal, suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma, kamar yadda suka kawo rogo da masara. Daga nan ta hauro arewa.

3/ Alamarta: toron ba ya kwakwazo, huci kawai yake. Kuma tana iya tashi ta hau katanga.

4/ Ga inda rashin sanin asalinta ke jawo asara. Kaza kwana 21 take kwanci. Agwagwar Turai 28. Wannan tamu sai ta cika 35.

5/ Bara Inna ta sa wa kaza ƙwan agwagwa takwas. Da aka wuce wata ba motsi, ta ce baragurbi ne, ta sa ni in zubar. Na fasa ɗaya, wallahi ga ɗan agwagwa da ransa. Saura kwana huɗu ya ƙyanƙyashe. Kuɗin takalmin ƙanwata ke nan suka tafi.

6/ Don haka ranar da ta fara kwanci, rubuta a jikin bango. Ka ajiye mata ruwa kusa, in ta jiƙa jikinta ta dawo, damshin yana taimakon ƙwan. Sannan ka ƙirga 35.