Termos da kofin riƙe zafi: yadda suke aiki da abin da bai kamata ya kwana ciki ba

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa tambayoyi ke shigo mana a kan termos, wanda ƴan uwanmu na Jibiya da Katsina ke ce ma filas, da kuma ɗan ƙanensa da ya shigo yayi, wato kofin ƙarfen nan mai marufi da ƴan bida ke aikowa tsaraba daga Aljeriya, Libiya ko Abijan. Wani ya ce nasa ba ya riƙe zafi, wata ta ce kunun ɗanta ya yi tsami a ciki. Shi ya sa muka tattara bayanin a nan, don wanda shirin ya wuce shi ya karanta, ko a karanta masa.

Abu na farko, termos ba murhu ba ne. Ba ya dafawa, ba ya ƙara zafi ko kaɗan. Aikinsa kawai ya jinkirta hucewa. Zafi kuwa ƙofa uku gare shi ta fita. Yana bin jikin abu, kamar yadda cokalin da aka manta cikin tukunya ke ƙona hannu. Yana bin iska da tururi. Yana kuma fita ta huci, irin wanda masunta ke ji in sun zauna jin ɗumi bakin tabkin Madarunfa da asuba, alhali ba su taɓa wutar ba. Termos na gaske yana tare duka ukun. Bango biyu gare shi, na ciki da na waje, kuma an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, don haka zafi ba ya samun abin bi ya ƙetare. An shafe bangon da abu mai sheƙi kamar madubi, yana mai da hucin ciki. Marufi kuma ya toshe baki. To amma bakin nan shi ne raunin kowane termos, ta nan mafi yawan zafin ke sulalewa.

Wani masanin kimiyya ɗan Sukotlan, James Dewar, shi ya ƙirƙiro wannan kwalba a Landan a 1892. Abin mamaki, ba don shayi ya yi ta ba, sanyi yake son tsarewa, na iskar gas da ya mayar ruwa a ɗakin bincike. Bai yi rajistar fasahar da sunansa ba. Wani Bajamushe mai sana'ar hura gilas, Reinhold Burger, ya mai da ita kayan gida, a 1904 aka fara sayar da ita da sunan Thermos, daga kalmar Girkanci mai nufin zafi. Sunan ne ya biyo ta bakin Faransawa har ya iso mana. A 1913 William Stanley ya ƙera ta ƙarfe zalla a Amurka, a 1978 kuma wani kamfanin Japan ya fito da ta inoks, ƙarfen da ba ya tsatsa. Daga ita kofunan yanzu suka samo asali.

A kasuwanninmu, daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa, iri uku za ka tarar, akasari ƙirar ƙasar Sin. Akwai mai kwalba ciki, irin wanda ake jera ma amarya a ɗaki, ake kuma kai ma mai jego ko majinyaci ruwan zafi ciki. Yana riƙe zafi sosai, sai dai faɗuwa ɗaya ta ishe shi, kuma in kwalbar ta tsage kada a ce za a tace a sha, zubarwa ake yi. Akwai na inoks, mai jure girgizar babur da amalanke. Sai na uku, na roba mai soso ko iska kawai a tsakani, dangin kular abinci. Wannan awa ɗaya zuwa biyu ne ƙarfinsa, ko da an yi masa fenti mai walƙiya. Araha dai ba ta ado.

Gane na kirki ba wuya. A cika shi da tafasasshen ruwa, a rufe, a jira kamar minti goma, sannan a dafa cikinsa ta waje. In ka ji shi da sanyi, ko ɗan ɗumi wajen wuya kaɗai, lafiya lau. In jikin ya ɗau zafi, to iska ta shiga tsakanin bangon, ko dama can ba a zuƙe ta ba, kuma ba mai gyaran da zai iya mayar da shi. Wanda ke waje yana son aiko ma tsohonsa, don Allah ya yi gwajin nan kafin ya ba direba saƙo. A kuma sani, ƙaramin kofi ba zai taɓa kamo babban termos ba, don ruwansa kaɗan ne, bakinsa da faɗi, kuma kowace kurɓa buɗewa ce. Mai zuwa garka a Jiratawa tun sassafe ya wuni, termos ya kamace shi. Kofi na ɗan kabu-kabu ne da malamin lakwal, masu sha cikin awa biyu ko uku. Dabarar da ke ƙara ma kowanne ƙarfi ita ce a fara ɗauraye shi da ruwan zafi, a bar shi minti biyar, a zubar, sannan a cika shi fal. Rabin termos ya fi cikakke saurin hucewa.

Yanzu ga inda maganar ta shafi lafiya. Lamba biyu muke so a riƙe, 65 da 60.

A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Liyon a Faransa, ta sanar cewa yawan shan abu mai zafin da ya haura digiri 65 na iya jawo kansar hanyar abinci, wadda ta taso daga maƙogwaro zuwa ciki. Ba shayin ko kafen ne ke da laifi ba, ƙunar ce da ake maimaitawa kullum. Ruwa na tafasa wajen digiri 100, kuma termos mai kyau kan riƙe shi sama da 65 awanni da dama. Ka ga ke nan wanda ke kafa baki kai tsaye a kofin ƙarfe ya fi mai kofin tangaran shiga haɗari, tun da jikin kofin da sanyi, ba abin da zai gargaɗe shi. Mai shayin bakin tasha da ke sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, da Buzun da ke ɗaga buta sama yana tsiyayawa cikin ƴan ƙananan kofuna, kumfa suke nema, amma suna fifita shi ne a lokaci guda. Mu ma a tsiyaya, a bar shi ya sha iska ƴan mintuna. In sai ka hura kana zuƙa da ƙara, bai yi ba tukuna.

Lamba ta biyu ta fi damunmu, don ta yara ce. Hukumar ta ce dafaffen abinci a riƙe shi sama da digiri 60, kuma kada ya wuce awa biyu a ajiye in ya huce. Ƙasa da 60, ɗumin nan mai daɗin baki, shi ƙwayoyin cuta suka fi so. Baƙin shayi da ruwan zafi ba su da matsala sosai. Amma koko, kunun gyaɗa, shayi mai madara, in aka zuba su da safe cikin termos mai rauni, kafin azahar sun zama ɗumi, kuma termos ɗin zai riƙe su cikin ɗumin nan har la'asar. Uwa ta buɗe ta ji da ɗumi ta ce ai bai lalace ba, ta ba yaro, dare ya yi a kwana ana zawo da amai. In an buɗe ba a ga tururi na tashi sosai ba, a juye a tukunya a sake tafasawa. In ya canza wari, a zubar. Nonon uwa zalla har wata shida shi ne shawarar likita, amma in lalura ta sa ana ba jariri madarar gwangwani, kada a dama a ajiye cikin termos. Tafasasshen ruwa kaɗai za a ajiye, a dama da shi yana da zafin da bai gaza digiri 70 ba, a sanyaya, a ba shi nan take, abin da ya rage bayan awa biyu a zubar.

Fura da nono, kunun zaki da lemon kwalba su ma ba wurinsu ba ne. Abu mai tsami yana tara iska, marufi ya ƙi buɗuwa, ko ya yi tsalle ya sami ido. Ruwan sanyi kam yana riƙe shi da kyau, masu azumi lokacin bazara sun shaida, sai dai kada a jefa ƙatuwar ƙanƙara cikin mai kwalba.

Wanki kullum ne, da sabulu da ruwan ɗumi, a ciro zoben robar marufi a wanke ƙarƙashinsa, don nan madara ke maƙalewa ta yi baƙi. A kife shi a buɗe ya bushe. Ban da ruwan jabel a na inoks, yana cin ƙarfen. A riƙa duba gindinsa kuma. Wasu masana'antu da ɗigon dalma suke liƙe ramin da aka zuƙe iska, sannan su rufe da faifan ƙarfe, kamfanin Stanley ma ya tabbatar da haka game da kofunansa a 2024. Muddin faifan na nan, dalmar ba ta taɓa abin sha. In ya ɓalle, a daina aiki da kofin, kada kuma a bar ma yara shi abin wasa. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara ba mu manta ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a 2010 ba.